Faifan da Na Ba Kawu Ajiya

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu kama hanya. Ya rasu da hantsi a wani asibiti a Lyon, bayan 'yar gajeriyar jinya, kamar yadda ya saba yin komai ba tare da ya wahalar da kowa ba. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina wurin aiki a Paris aka kira ni, na ajiye abin da ke hannuna na nufi tashar jirgin ƙasa, ban ko biya gida na ɗauki kayan sawa ba.

Gidansa na Rillieux, a gefen Lyon, ƙarami ne, can saman bene, amma a kwanakin zaman makoki sai da ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Takalma suka cika bakin ƙofa har suka gangara matakala. Mutanen Clichy, can gefen Paris, inda ya zauna da farko, suka yi hayar babbar mota suka zo. Ga 'yan kasuwa 'yan Chadi, ga 'yan Kamaru, ga waɗanda suka zo ƙasar nan karatu daga Nijar suna sirara, yanzu sun yi tumbi da furfura, kowa na cewa a falon Kawu ya yi kwanan farko. Na san an san Kawu, amma ban san an san shi haka ba. Na zauna cikin mata ina ta mamakin yadda mutum ɗaya, mai ƙarancin magana, ya shiga rayuwar mutane masu yawa haka ba mu ji ƙarar shigarsa ba.

Wata tsohuwa 'yar Kamaru, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta ce shekara da shekaru tana tarar da kwalin lemo da tuffa a bakin ƙofarta, ta zaci ƙungiyar agaji ce.

"Sai da ya tashi ya koma Lyon kwalin ya daina zuwa," in ji ta. "A nan na gane. Ko godiya bai bari na yi masa ba, mutumin nan."

Wanda ya fi ba ni tausayi wani tsohon Bature ne da suka yi aiki tare a kasuwar Rungis. Ya zo da kwat da wuya a ɗaure, ya cire takalmi ba wanda ya gaya masa, ya zauna a ƙasa cikin maza ƙafafunsa na ba shi wahala. Da aka ɗaga hannu za a yi fatiha ya dudduba, shi ma ya ɗaga. Bayan an shafa ya ce da Faransanci, a cikin ɗakunan sanyin nan da suka yi aiki, kowa zagi yake yi, Kawu kaɗai ke yin fito da baki. Sai ya rufe ido ya fara fiton, a tsakiyar zaman makoki, a gaban dattawa. Wasu suka yi gyaran murya, wasu suka sunkuyar da kai. Ni kuwa daga ɗakin mata na gane kiɗan tun bai yi nisa ba. Waƙar farko ce ta faifan Kawu.

Ba ni kaɗai na gane ba. Jim kaɗan Yaya ya leƙo ya yafito ni zuwa kicin. Yaya shi ne ɗan Kawu, shi kaɗai ne namiji, haifaffen nan, ya girme ni da kaɗan. Taubashina ne: shi ɗan namiji, ni 'yar mace, don haka tun muna yara nake kiransa Ubangida ina yi masa tsiya, yana ramawa. Ya girma ya zama mutum mai riƙon addini, irin riƙon da babu wasa a cikinsa.

"Écoute, ji nan, ƙanwata," ya ce. "Disk ɗin nan na Baba, bayan addu'ar bakwai zan fasa shi."

"Ubangida, da wace guduma? Kai da ko ƙwai ba ka iya fasawa daidai ba."

Bai yi dariya ba. Idanunsa sun yi ja.

"Ba wasa nake ba. Duk wanda ya kunna shi bayan Baba, zunubin zai bi shi har kabari. Je peux pas, ba zan iya ba. Ba zan bar Baba da wannan kayan a kansa ba."

"Faifan nawa ne," na ce.

"Tun yaushe yake gidanmu? Abin da mamaci ya bari na magada ne. Ke 'yar ƙanwa ce, ba ki cikin gado, kin sani."

Na sani. Na kuma san ba mugunta ce ke magana ba, tsoro ne, kuma tsoron don ubansa yake yi. Amma in aka fasa faifan nan, to an fasa abu ɗaya da ya rage mini wanda zan taɓa da hannu in ce ga Kawu. Don a fahimci dalilin da ya sa mace mai aiki da hankalinta za ta tsaya jayayya a gidan makoki kan baƙin faranti mai rami a tsakiya, sai na koma baya.

Ban kai shekara goma ba muka taso daga Maraɗi ni da Mama, a farkon shekarun dubu biyu, muka zo wurin mahaifina da ke karatu a Paris. Ɗakinsa ko tabarma biyu ba zai ɗauka ba, don haka muka sauka gidan Kawu a Clichy-sous-Bois. Lokacin sanyi ne. Aka sa ni makaranta, na buɗe baki na yi Faransancin da na koyo a gida, yara suka kwashe da dariya. Daga ranar bakina ya mutu. Ba na magana a makaranta, ba na yi a gida, ko Hausar ma na daina. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kawo rubutu na sha. Kawu ya ce, "Ku ƙyale ta. Maganar tana nan, hanya take nema."

Aikin dare yake yi a Rungis, yana tuƙa injin ɗaga kwalayen kayan marmari, don haka gidan kan yi tsit har azahar, kowa na tafiya da yatsun ƙafa. Lahadi ce ranar hutunsa. Bayan la'asar sai ya shiga ya wanke hannu da sabulu, ya goge yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da faifan. Kwalinsa ya koɗe, da hoton jar gita a jiki, an liƙe kusurwa ɗaya da gam. Yakan zaro shi a hankali, yatsa a ramin tsakiya, babban yatsa a gefe, ba ya taɓa fuskarsa. Ya hura, ya ɗora a garmaho, ya sauke allura yana riƙe numfashi.

Kiɗan rok ne na Turawa, na zamanin da, na mawaƙa daban-daban da aka tattara a faifai guda. Kawu yakan ce kasuwa ce, kowace rumfa da hajarta. A kasuwar gwanjo ya saye shi, a sanyinsa na farko a ƙasar nan, tun bai mallaki abin kunnawa ba. Ya ce yana wucewa ya ji mai rumfar ya kunna, ya tsaya har ƙafafunsa suka daina jin ƙasa.

"Gurmi na ji," in ji shi. "Gurmi ne aka sa wa wutar lantarki, ya ji zafi shina ihu."

Ba ya jin Ingilishi ko kalma ɗaya, saboda haka ya raɗa wa kowace waƙa suna, ya kuma ƙaga mata labari. Akwai Jirgi Ya Makara, wadda ganga ke fara ta a guje. Akwai Mahaukacin Kasuwa. Akwai Hadarin Gabas, inda gita ke taruwa a hankali kafin ta kece. Wadda na fi so ita ce Tsohuwa Ta Ɓatar da Akuya, domin mawaƙin yana ta kiran wani abu da murya mai tsayi, ba a amsa masa. Kawu yakan bi kiɗan da labari: ga tsohuwa ta duba bayan rumbu, ga ta a bakin rijiya, ga ta tana zagin maƙwabta. Kowace Lahadi labarin ɗaya ne, kuma kullum a rumfar mai ƙosai ake samun akuyar tana cin takarda.

Wata Lahadi, bayan na daɗe da yin shiru, ya zo daidai ƙarshen labarin sai ya tsaya. Ya sosa ƙeya.

"Af. Ina ma aka gane akuyar nan? Na mance."

Ya yi shiru, gita na ta kuka, shi kuwa ya kafa wa silin ido kamar mai neman amsa a can. Na jira ya tuna, bai tuna ba. Waƙar ta kusa ƙarewa, tsohuwa za ta kwana babu akuya. Ban san lokacin da na ce, "Rumfar mai ƙosai," ba.

"Haka ne," in ji Kawu, ko kallona bai yi ba. "Tsufa."

Mama da ke tsaye a ƙofar kicin ta juya ta koma ciki, na ji ta buɗe famfo da ƙarfi. Har yau in na tuna yadda mutumin nan ya ƙi yin murna a gabana don kada ya kori maganar ta koma, sai in ji girmansa ya cika mini ƙirji.

A ranar ya ba ni faifan. Amma Kawu ba ya yin abu rabi da rabi. Ya kira matarsa, wadda muke kira Iya, ya ce ta zama shaida. Ya mayar da faifan cikin kwali, ya ɗora mini a hannu biyu, ya ce in sa rigar sanyi.

"Ɗiyata, kyauta ba ta cika da baki. Sai mai ita ya ɗauka ya fita da ita daga hannun wanda ya bayar. Sauka ƙasa da shi, ki fita waje, ki tsaya inda zan hange ki."

Na sauka matakala ina rungume da shi, na fita na tsaya a filin ajiye motoci, iska na yanka mini kunne. Na ɗaga kai na ga Kawu da Iya da Mama a taga. Ya ɗaga mini hannu, na dawo, na ƙwanƙwasa ƙofa na yi sallama kamar yadda ya koya mini. Ya buɗe yana gyara hula kamar ya yi babbar baƙuwa.

"Maraba da Hajiya. Mi ke tafe da ke?"

"Na kawo ajiya."

"Na amsa. Ran da kika yi garmaho naki, ki zo ki amshi abinki. Amma kin yarda in riƙa saurare kafin nan?"

Na ce na yarda. Iya ta yi ta dariya tana cewa, "Kai dai ba ka girma, Alhaji." Amma shi da gaske yake. Daga ranar bai sake sauke allura ba sai ya tambaye ni. Bayan mun samu namu gidan a cikin Paris, sai ya riƙa bugo waya ranar Lahadi, gaisuwa a taƙaice, sannan, "Mai faifai, a kunna?" In na ce a'a don tsokana, wallahi ba ya kunnawa, sai ya sa Iya ta kira ta roƙa masa.

Yana da dokoki da ba wanda ya kafa masa. Ba ya kunnawa ranar Juma'a. Da an ga watan azumi sai ya naɗe faifan cikin tsohon rawani ya tura shi can ƙuryar kabad, sai bayan Salla. In lokacin magariba ya yi, ko da gita na tsakiyar abin da ta fi iyawa, sai ya ɗaga allura, ba ya cewa bari ta ƙare. Na taɓa yi masa magiya, ya ce, "Wanda bai iya ɗaga allura ba, kada ya sauke ta." Yakan kuma ce kunne ba ya ƙoshi, shi ya sa ake yi masa awo. Dattawan masallaci sun san da faifan, wasu suna ƙunƙuni, amma a sahun farko suke tarar da shi, sai maganar ta yi musu nauyi. Wani ya taɓa tsare shi, ya amsa masa da cewa, "Ban ce halal ne ba, ban ce haram ne ba, ni ba malami ba ne. Abin da na sani, bai taɓa sa ni makara salla ba."

Da na fara Ingilishi a makaranta, kaina ya kumbura. Na zo masa da takarda da biro na ce zan fassara masa abin da mutanen nan ke faɗa. Ya karɓi biron ya sa a aljihu.

"Kin san inda akuya take, ni ma na sani. Mi kuma muke nema? In kika gaya mini wata magana ce ta banza, kin raba ni da tsohuwata."

Daga baya na ji abin da suke faɗa, kuma gaskiyar Kawu ce, labarinsa ya fi nasu.

Da ya ajiye aiki suka koma Rillieux, kusa da Yaya da ya samu aikin tuƙin bas a Lyon. A nan aka yi faɗan da ba mu cika son tunawa ba. Na je hutu, ranar Lahadi ce, faifai na juyawa. Yaya ya shigo daga wurin karatu, ya tsaya a tsakiyar falo yana sauraro, fuskarsa na canjawa. Ya wuce kai tsaye ya zare wayar garmaho daga bango. Kiɗan ya ja wata irin murya ya mutu.

"Baba, ça suffit, ya isa haka. Da furfurarka? Mutuwa za ta same ka kana jin wannan?"

Kawu ya ɗaga allura, ya duba fuskar faifan a hasken taga, ya mayar da shi kwali. Sannan ya ce, a hankali, "A gidana?"

Kalma biyu ke nan, amma Yaya ya fita, kuma ya daɗe bai sake zama a falon nan ba. Suna gaisawa a masallaci, yana zuwa gaisuwar Salla, yana kawo wa Iya cefane ya tsaya daga bakin ƙofa. Kowannensu na jiran ɗaya ya fara, ga su kuwa kansu ɗaya wajen tauri. Na zaci Kawu zai yi ta ƙorafi, har na fara zagin Yaya don in faranta masa. Ya katse ni.

"Bar shi. Yaron Allah yake tsoro, kuma saboda ni yake tsoron. Wane uba zai yi fushi da wanga? Na gode ma Allah da Ya ba ni shi. Amma ba a zare mini waya."

Ƙarar injuna da sanyin Rungis sun ci kunnuwansa a hankali. A shekarunsa na ƙarshe sai an tsaya a gabansa ya karanta baki. Kiran Lahadi ya koma saƙo da Iya ke bugowa a madadinsa. Na ɗauka faifai ya ƙare masa ke nan, har na kai musu ziyara na ga abin da ban taɓa gani ba kuma ba na jin zan sake gani. Ya wanke hannu, ya sauke allura, ya rage murya ƙasa ƙwarai don kada ya dami maƙwabta. Sannan ya jawo kujera kusa da akwatin lasifika na katako, ya shimfiɗa tafin hannunsa a jiki, ya rufe ido. Bayan ɗan lokaci ƙafarsa ta fara bugun ƙasa, daidai da gangar, ba gaba ba baya.

Ni da tsiya, na ce sai na gwada shi. Na ɗaga allura na mayar wani wuri yana rufe da ido. Bai daɗe ba ya ce, "Mahaukacin Kasuwa." Na sake matsar da ita. "Jirgi." Na sake. Ya yi murmushi ya ce, "Hadari ne, amma bai kai ga zuba ba, jira." Ya ɗaga ɗan yatsa sama, ya riƙe, ya riƙe, ya sauke shi daidai lokacin da gitar ta kece. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, tsoro da mamaki suka kama ni, irin wanda kan kama mutum in ya ga ikon Allah a abu ƙarami. An karɓe masa kunne, bai yi ƙorafi ba, ya koma ji da hannu.

Na daɗe da samun halin sayen garmaho. Duk zuwan da na yi sai ya ce, "Hajiya, ajiyarki na nan." Ni kuma in ce, "Ban yi garmaho ba tukuna, Kawu." Sai ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Mu duka mun san abin da muke yi.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an ci an watse, 'yan Paris sun kama hanya, gidan ya rage daga ni sai Mama, Iya, Yaya da Malam. Malam tsohon abokin Kawu ne, ɗan Chadi, shi ke jan salla a masallacin unguwa. Yaya ya sauko da faifan daga saman kabad ya ajiye a kan tebur, ya faɗi niyyarsa da dalilinsa. Ni ma na faɗi nawa. Malam ya saurare mu duka yana jan carbi, sannan ya tambaya ko akwai wanda ya ga kyautar.

Iya tana zaune a kusurwa cikin mayafin takaba, tun rasuwar ba ta yi doguwar magana ba. Ta dubi Yaya ta ce, "Ni ce shaida. Ya ba ta, ta fita da shi har waje, muna kallonta ta taga, ta dawo ta ba shi ajiya da bakinta. Kai kana wurin ƙwallo ranar." Mama ta ce ita ma ta gani.

Malam ya ajiye carbin ya dubi Yaya.

"Ɗana, ka ji. Kyauta ta cika, tun da an karɓa an fita da ita. Wannan ba gado ba ne, amana ce, kuma tana wuyan mahaifinka har a mayar wa mai ita. In ka fasa, abin da kake gudu shi ka yi. Ka ɗora masa kayan wani ya kwana da shi."

Yaya ya dafe kai. "To zunubin fa, Malam? In ta kunna?"

"Abin da ta yi da kayanta tsakaninta da Ubangijinta ne."

"A kaina yake," na ce. "Tun ina yarinya a kaina yake. Shi aro yake yi."

Yaya mutum ne da in ya ga gaskiya ba ya kewaye ta, wannan kam a wurin ubansa ya gado. Ya tashi ya ɗauki faifan, ya miƙo mini, amma bai saki ba.

"In amana ce, sai a mayar da ita yadda aka karɓa. Ki duba. In akwai abin da ya lalace a hannun Baba, ki faɗa yanzu, in san abin da ke kansa."

Na zaro faifan na juya shi a haske. Na ce ban ga komai ba.

"Ba a duba faifai da ido," in ji Iya.

Kowa ya gane abin da ta ce, kuma kowa na jiran Yaya. Malam ya miƙe yana neman sandarsa, ya ce ƙafafunsa sun sage, zai sauka ya sha iska, kuma ba ya saurin dawowa. Iya ta ce ita mai takaba ce, za ta shiga ɗaki. Ta shiga tare da Mama, amma ƙofar ɗakin nan ba ta taɓa rufuwa sosai ba, kuma ba su matsa mata ba.

"Kunna," in ji Yaya. "Doucement, a hankali."

Ya zauna a ƙasa ya juya wa garmahon baya, ya haɗa kai da gwiwa, kamar mai jiran a yi masa allura. Na sauke allurar. Waƙoƙin suka yi ta wucewa lafiya lau, da ɗan ƙas-ƙas na tsufa da na sani tun da. Sai aka zo ta ƙarshe a gefen farko, wata mai sanyi, gita ɗaya da murya ɗaya, wadda a da ba mu cika tsayawa a kanta ba don ba ta da labari mai ban dariya. Da ƙyar na gane ta. Ta cinye, shuuu ɗin da ke cikinta ya fi kiɗan ƙarfi, muryar mawaƙin can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Kusa da tsakiya allurar ta maƙale, ta riƙa maimaita wuri ɗaya.

Yaya ya ɗago kai. "Wannan fa? Haka take da?"

"A'a," na ce. "Ba haka na ba shi ita ba."

Daga bayan ƙofa muryar Iya ta fito.

"Taka ce wannan. Kana jinjiri ba ka barci sai da ita, shina saɓe da kai shina zagaya ɗaki. Tun ran da ka zare wayar nan, ita ɗai yake maidowa. In ta ƙare ya ɗaga ya maido, in ta ƙare ya maido, hannunsa a jikin katako. Ni na gaya masa zai cinye wa yarinya faifai."

Yaya bai motsa ba. Allurar na ta komawa wuri ɗaya, ba wanda ya tashi ya ɗaga ta. Sannan ya dube ni, ya yi tambayar da ya zauna don ita.

"Ya ɓata miki kaya. Kin yafe masa?"

"Na yafe, duniya da lahira."

Ya gyaɗa kai, ya share fuska da tafin hannu. Sannan ya ce, ba da ni ba, ba da kowa ba, "To ni fa? Wa zan tambaya?"

Ni mai baki ce, a gidanmu an san ni da amsa, kuma ban taɓa barin Ubangida ya yi magana ta ƙarshe ba. Ranar na bar masa.

Kawu, ajiyata ta dawo hannuna, kuma wuyanka ya sauka. Rai ma ajiya ne, ka mayar wa Mai shi. Allah Ya karɓa da sauƙi, Ya yafe abin da ya goge a cikinsa kamar yadda na yafe, Ya yalwata maka makwanci, Ya kuma sanyaya zuciyar ɗanka.